Garken Fara a Kan Rufin Kubura

Wurin Kubura a bakin Kasuwar Assihar taku uku ne a tsaye, taku biyu a kwance. Ba rumfa, ba takarda. Amma a duk layin mata masu suya, shi kaɗai inuwar katanga ke rufewa tun daga azahar har faɗuwar rana, kuma duk wanda ya fito kasuwa da yunwa, da shi yake soma cin karo. Shekara goma sha ɗaya tana zaune a nan. Kasko uku ta huda a wurin, kujera biyar ta karya, 'ya'ya biyu ta yaye a gindin katangar.

'Yar Mirya ce, nan kusa da Damagaram. A 1993 ta biyo mijinta Rashidu, magini, kwana tara a bayan kamyo, babbar motar kaya, kafin su hango duwatsun Tamanrasset. Abin da ta sauka da shi bai wuce tukunya ɗaya, zane huɗu, da rabin buhun busasshiyar fara da uwarta ta cusa mata don guzuri ba. Ranar farko da ta soya wa Rashidu a gidan da suke haya a unguwar Tahaggart, ƙanshi ya tsallaka katanga, leburori takwas 'yan Nijar suka yi sallama ɗaya bayan ɗaya, kowa da hujjarsa. Wani ma cewa ya yi aron allura ya zo. Kwana biyu rabin buhun ya yi. A na uku ta aika Damagaram a ɗoro mata buhu biyu, kuma tun daga nan sunanta ya zama Kubura Mai Fara.

Matan layin su bakwai ne, doka ɗaya ke riƙe da su: ba a shiga kaskon wata. Mai masa masa, mai awara awara, haka mai fanke, mai dambu da mai kunu. Ƙosai na Laure ne, wata 'yar Maradi da ke can ƙarshen layi, inda rana ke dukan ƙeya, manyan motoci kuma su juyo baya su hura hayaƙi. Fara ta Kubura ce. In rigima ta tashi, Malam Tijani mai shagon atamfa, dattijon 'yan Nijar a kasuwar, shi ke raba ta, kuma in ya yanke ya yanke.

Sai ga 2004. Shekarar da fara ta rufe sama ita ce shekarar da mai fara ta rasa abin soyawa. Jirage na feshi, motoci na feshi, daga nan har Nijar da Mali. Rediyo ya faɗa da Larabci, ya maimaita da Tamahak, harshen Abzinawan garin: kada kowa ya ci, an sa mata guba. Buhunan da ke hanya ba su tsallake dowan ba, wato shingen kwastan. Sannan wasu leburori uku suka tsinci matacciya a bakin titi suka gasa, aka kwashe su sai asibiti suna amai. Ba a kaskon Kubura suka ci ba, amma wa ke tambaya? Kwana shida ta zauna da tsohuwar hajarta mai tsabta, mutum ɗari biyu da 'yan kai na wucewa kullum, ba wanda ya miƙo hannu. Ta naɗe tabarma ta koma gida. Kwana goma sha tara wurin yana fanko.

A tsakiyar Rajab Malam Tijani ya aika a kira ta.

"Kubura, inuwa ba ta zama ba mai ita," ya ce, yana ninke turmin atamfa, bai ɗago ba. "Azumi na tafe. Kin san yadda bakin ƙofar nan ke cika da la'asar. Sau huɗu Laure na zuwa nan."

"Sau huɗu, Malam? Ashe ƙosan ba ya hana ta yawo."

"Shekara tara tana cikin rana. Ki dubi idanunta."

"To bari in soya dankali kafin abin ya lafa."

"Mai fanke na haɗawa da dankali tun bara. Ke kika tsaya mata ranar da mai awara ta so shiga. Ko kin manta?"

Ba ta manta ba. Ita ce ma ta fi kowa ɗaga murya ran nan.

"Ranar ɗaya ga azumi," ya ce, "in na fito sallar la'asar na ga kaskonki a kan wuta da fara a ciki, wadda mutum zai ci ya kwana lafiya, wuri naki ne. In ban gani ba, na Laure ne. Kuma kada ki turo mini Rashidu."

Tun kafin ta kai bakin ƙofa ta gama lissafi a yatsu. Kwana arba'in da biyar.

Washegari da la'asar Rashidu ya dawo daga shantiye, wurin aikin gini, da siminti har gira. Ginin da suke yi a bayan gari yake, gefen wata ƙorama da ta yi gudu sau biyu a watan Agusta ta bushe.

"Yau na ga ƙasa tana tafiya," ya ce, yana kwance takalmi. "Ɗango ne. 'Ya'yan fara, baƙaƙe wuluk, ko fiffike babu, ba su fi ƙuda ba. Sun rufe yashin ƙoramar nan. Shugaban aiki ya ce jibi zai kai rahoto buro, ofishin hukuma, a zo a fesa."

Kubura ta ajiye ludayi. "Da ransu?"

"Da ransu mana. Matacce na tafiya?"

"Feshi bai taɓa su ba?"

"Kwanan nan suka fito daga ƙasa. Wa ya san da su?"

Ta tashi, ta zauna, ta sake tashi. Matacciyar fara sai an rantse a kanta. Mai rai kuwa, wadda ke tsalle a gaban mai saye, ba ta neman shaida.

"Baban Ramatu, gobe da sassafe za ka raka ni."

Ya dube ta da kyau. "Gwamnati na kashewa da jirgin sama, ke za ki yi kiwo?"

"Kaji ma wani ne ya soma kamo su daga daji."

"Wancan bai da jandarma a unguwarsu."

Ya dai raka ta. Da sanyin safiya ɗango ba ya iya tsalle, yana manne a jikin ciyawa kamar an shanya shi. Da tsintsiya da zane suka kwaso cikin bokiti biyu. Ta karɓo akwatunan tumatir guda biyar wurin masu kayan miya, ta yanka tsohon labulen ƙofa mai ƙananan idanu ta rufe su, ta jera a kan rufin ɗaki inda ba mai leƙawa. Huɗu na zama, na biyar fanko don ƙidaya. Da hannu take kwashewa daga wannan ta zuba a wancan, duk hamsin ta jefa tsakuwa ɗaya a kwano. Tsakuwa sittin da huɗu. Dubu uku da ɗari biyu, ɗari takwas a kowane keji. Saura kwana arba'in da uku.

Matakalar rufin goma sha huɗu ce. A ranar farko sau goma sha ɗaya ta hau ta.

Abincinsu ganyen kabeji da na salati da masu kayan miya ke zubarwa, sai dusar alkama. Kullum da hantsi take zuwa kasuwa kwasowa, kuma kullum sai idonta ya kai bakin ƙofa. A makon farko kujerar Laure na nan inda take. A na biyu ta matso taku ɗaya, wai hayaƙi ne ya kore ta.

"Yaya Kubura, kabeji kika koma sayarwa?" Laure ta ɗago murya. "Ko akuya aka yi?"

"Garke aka yi, ƙanwata. Dubu uku."

"Allah ya sa albarka. A aiko mana da nono."

Matan layi suka kwashe da dariya. Kubura ma ta yi, amma dubu ukun da ta faɗa ta riga ta soma zama ƙarya.

Tun safiya ta biyu ƙidaya ta ƙi cika. Ashirin da uku babu. Ta ce kuskuren hannu ne. Ta uku, arba'in da ɗaya sun ƙara ɓacewa. A ta biyar, dubu uku da goma sha ɗaya ta samu. Abin da ya hana ta zama shi ne babu gawa. Da mutuwa suke yi, ai da ta gani. Ta bi labulen ɗinki-ɗinki, ba huda. Ta zargi ƙadangare, ta ɗora kejin a kan bulo. Ta zargi ɓera, ta kafa tarko biyu, ɗaya ya kama yatsan Rashidu. Ta zargi kyanwar maƙwabta ta yi mata jifa uku. Har Rashidu sai da ta kalla a kaikaice.

"Ni?" ya ce. "Ɗanye? Kubura, ki ji tsoron Allah. Shekara goma sha biyar ina cin soyayye."

A rana ta bakwai ta ƙi sauka. Ta ɗauki kujera ta zauna gaban keji na biyu da tsakar rana, zane a ka. Ta ga ɗaya ya hau saman labule ya rataya kai ƙasa, bayansa ya tsage, ya soma fitowa daga tsohuwar fatarsa, fari fat, laushi kamar tuwon da bai huce ba. Saɓa yake yi, kamar maciji. Bai gama zaro ƙafafu ba wani ya matso ya taɓa shi da gashin kansa, ya kafa masa baki a ciki. Na biyu ya zo, na uku ya zo. Kafin ta ƙirga ɗari biyu, ba abin da ya rage sai ƙafa ɗaya da ɓawon kai. Ga kabeji kore shar a gefensu, ba wanda ya kalla.

Ta sauko tana salati.

"Cin junansu suke, Baban Ramatu. Da idona. Abin da ke cin ganye!"

"To, ga masu cin naman ɗan'uwa na gaskiya," in ji shi. "Malam ya daɗe yana wa matan layinku wa'azi, ashe wurin da ya dace bai zo ba."

Ba ta yi dariya ba, lissafi take. Kuma a nan ne ta yi kuskuren da sai macen da ta tashi a gidan da ba a zubar da ƙanzo za ta yi. Ta ce a ranta: to, in raunana ake ci, ai ba asara ba ce. Nama bai fita daga keji ba, ciki ya canza. Gwamma dubu biyu masu ƙiba da dubu uku ƙanjamammu.

Keji na uku ya fi sauran yawan raunana. Akwai waɗanda ke zaune a ƙasa ba sa hawa, cikinsu ya kumbura ya yi duhu, in ka taɓa su da tsinke sai su ja ƙafa da ƙyar. Sun yi wa 'yan kejinsu yawa, har wasu na mutuwa ba a cinye ba. Kubura, wadda ko ruwan wankin shinkafa ba ta zubarwa sai ta ba kaji, ta ga abinci na lalacewa. Kullum da safe sai ta tsince su, ta raba daidai wa daida: goma a na ɗaya, goma a na biyu, goma a na huɗu. Kwana shida tana wannan adalci.

Da farko kamar abin ya karɓe su. Suka yi girma, baƙin ya koma rawaya da ɗigon baƙi, suna cinye kabeji ƙulli uku a wuni. Sannan a saura kwana ashirin da huɗu ta hau da safe ta tarar da na zaune a ƙasa a keji na ɗaya. Da na biyu. Da na huɗu. Tsakuwa talatin da uku kacal ta shiga kwano. Bayan kwana biyu, dubu ɗaya da ɗari biyu da tamanin. Wasu in sun zo saɓa sai su maƙale rabi a ciki rabi a waje. Warin da ke fitowa daga kejin ba na ganye ba ne.

Ran nan sau goma sha tara ta hau matakala. Ta ɗora tukunya ta manta gishiri, ta sauke ta manta wuta. A kasuwa kujerar Laure ta matso taku na uku, har ta soma gaisawa da mai fanke kamar tsofaffin maƙwabta.

A kan hanyar dawowa ta ci karo da Inna Gaishita, tsohuwar Ba'abziniya 'yar Ingal da ke bayan gidansu da awaki shida. Ita ce ke karɓar ragowar kabejin da ya bushe. Hausarta irin ta Agadas ce, a hankali take ajiye kowace kalma.

"Ɗiyata, mako uku ina jin ƙafarki a kan rufi kamar mai sussuka. Me kika ɓoye a can?"

Kubura ta duba hagu da dama, ta kama hannunta ta hau da ita. A matakala ta takwas tsohuwar ta tsaya ta huta, ta ce wanda ya gina wannan ba ya son tsofaffi. Kubura ba ta gaya mata Rashidu ne ba.

Gaishita ta daɗe tsugune gaban kejin. Ba ta yi mamaki ba ko kaɗan.

"Gishiri kina ba su?"

"Gishiri? Fara, Inna?"

"Raƙumi ma ciyawa yake ci. Amma in ya daɗe bai ga gishiri ba, ki bi shi ki gani, ƙashin ɗan'uwansa da ya mutu a daji zai ɗauka yana tauna. Me kike tsammani ke kai mu Ingal kowace damina? Yawon buɗe ido? Ganye ruwa ne. Jikinsu na neman wani abu, babu shi sai a jikin na kusa."

Ta sa hannu ta ɗauko ɗaya daga na ƙasa, ta matse cikinsa tsakanin yatsu biyu. Hanjin ya fito cike da wasu 'yan ƙwayoyi rawaya, cunkus, kamar tsakin masara.

"Wannan kuma ba yunwa ba ce. Wani ne ke zaune a cikinsa yana cin rabonsa. Ina kike kai waɗanda suka mutu?"

Kubura ta shiga gyara labulen keji.

"Ina kike kai su?"

"Rabawa nake wa sauran. Goma-goma."

Tsohuwar ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Da ta samu numfashi ta ce, "Shekara sittin ina bin dabba, ban taɓa ganin wanda ya yanka mai ciwo ya yi wa garke walima ba. Mu nesa da rijiya muke binnewa, mu ɗora duwatsu."

Kunya ta kama Kubura har tafin ƙafa, amma ba ta iya yarda da abin da ba ta ƙirga ba, ko daga bakin tsohuwa. Ta samo manyan gwangwanayen madara biyu, ta zaɓi ɗango ashirin mafi kuzari daga keji na huɗu, goma nan goma can. Abinci iri ɗaya. Na hagu kawai ta ƙara wa gawar masu ciwo uku. Ta ɗaure bakinsu da ƙyalle ta ajiye gefe.

Sauran aikin kuwa ba ta jira sakamako ba. Ta daka ƙuli-ƙuli ta haɗa da dusa da ɗan gishiri, ta zuba a murafun kwalba. Suka taru a kai kamar an buɗe ƙofar biki. Sau uku a wuni take bi da tsinke: duk wanda ta taɓa bai yi tsalle ba, waje, sai cikin garwashi. Ta shimfiɗa takardar buhun siminti a ƙasan kowane keji, kullum ta cire ta ƙone da kashinsu. Ta kakkafa ƙirare don mai saɓa ya sami inda zai rataya nesa da baki. Kuma ta ga cunkoso ma na cikin abin, sai ta ƙaro akwati shida. Labule ya ƙare, ta sa almakashi a gidan sauron gadonsu.

Rashidu ya shigo ya tarar da igiyoyi huɗu na lilo a kan gado.

"Ina gidan sauro?"

"Yana sama."

"Wato su su kwana a ciki, ni in kwana a waje."

"Sauro nawa ka gani a garin nan tun da muka zo? Ni bakwai na ƙirga."

"Bakwai ɗin duk ni suka ciza."

Ƙidaya ba ta daina sauka ba, sai dai gudunta ya ragu. Ɗari da arba'in a wuni, sannan casa'in, sannan sittin. Yawanci yanzu ita ke fitar da su da hannunta, ba cinye su ake ba, kuma kowane ɗaya da ta jefa a wuta sai ta ji kamar loma ce ta cire daga kasko. A rana ta tara ta kwance gwangwanayen. Na dama: tara na tsalle, ɗaya ya kwanta. Na hagu: uku na tsalle, huɗu a ƙasa da kumburarren ciki, uku babu su sai ƙafafu. Ta fasa na ƙasan ɗaya bayan ɗaya. Tsakin masara a duka huɗun.

Ta leƙa ta katanga. "Inna Gaishita! Bakwai cikin goma!"

"Sai da kika ƙirga kika yarda?" muryar ta taso daga cikin awaki. "Allah ya shirye ki."

Saura kwana goma sha uku, ɗari biyar da sittin. Yanzu wani tsoron ne ya taso: ko za su yi fiffike kafin azumi? Safiya ta soma sanyi, su kuma in ba zafi ba sa girma. Sai ta shiga jan kejin tana bin rana, gabas da safe, yamma da la'asar, keji goma, sau biyu a wuni. Da magariba ta lulluɓe su da bargo. A saura kwana takwas na farko ya rataya ya fito da fiffike a cukurkuɗe, ya miƙe shi a hankali har ya bushe, jikinsa ja-ja kamar cikin kankana. Ta tsaya a kansa da tsinke kamar dogari har ya yi ƙwari. Washegari talatin da biyu. Rana ta uku ɗari da shida.

A jajibirin azumi ɗari huɗu da talatin da biyu ne, duk da fiffike. Ta ɗebi ashirin ba zaɓe, biyu daga kowane keji, ta fasa. Hanji fes, ba ƙwaya ko ɗaya. Ta soya ashirin ɗin, ita goma Rashidu goma, suka kwana lafiya. Saura ɗari huɗu da goma sha biyu.

"Ko tiya ɗaya ba su cika ba," in ji Rashidu. "Wuni ɗaya za a share su. Jibi kuma fa? Malam zai fito la'asar ya ga kasko fanko."

"Azumi kwana nawa ne?"

"Talatin, in ya cika."

"Goma sha uku sau talatin?"

Ya motsa baki yana lissafi. "Ɗari uku da casa'in."

"Saura ashirin da biyu na ko-ta-kwana. Malam cewa ya yi fara a kasko. Bai ce tiya nawa ba."

Ranar ɗaya ga azumi, bayan azahar, ta sauko da keji ɗaya lulluɓe da zane, ta ɗora a ka, kasko a hannu. Da ta iso, kujerar Laure na daidai bakin inuwa, ƙafa biyu a ciki, biyu a rana. Kubura ta sauke kejin. Ta share wurinta, ta hura wuta, ta yaye zanen.

Ƙarar fiffike ta sa mai kunu ta saki ludayi. Kafin mai ya yi zafi, mutum ashirin da shida sun kewaye ta. Wani lebura ɗan Tanut ya durƙusa yana leƙe kamar ya ga ɗan garinsu.

"Hajiya, da ransu! Wallahi da ransu!"

"Ka taɓa ganin mai guba na tashi?"

Ta zaro goma sha uku ɗaya-ɗaya, ta tsoma a tafasasshen ruwan gishiri, ta fige fiffike da ƙafa, ta zuba a mai, ta barbaɗa yaji. Ƙanshin da layin ya yi wata biyu bai ji ba ya tashi, masu azumi suka shiga haɗiyar yawu suna istigfari.

Malam Tijani ya fito daga masallaci da carbi a hannu. Ya tsaya. Ya dubi kasko, ya dubi keji, ya sake duban kasko, leɓensa na motsi.

"Goma sha uku, Kubura?"

"Goma sha uku, Malam. Gobe ma haka, har Salla. Kafin nan feshi ya wuce, buhu ya zo."

"Wa ya ci ya kwana lafiya?"

"Ni da Baban Ramatu. Ga ni. Shi yana kan bulo tun safe."

Ya ja gemu. "Rufe abin nan da zane kafin wani mai kaki ya biyo. Kuma kada ɗaya ta kuɓuce, in ba haka ba ni da ke za mu kwana a buro." Ya juya wajen Laure. "Wuri na mai shi ne." Ya taka biyu, ya dawo. "A ajiye mini biyu na buɗa-baki."

Laure ta tashi ta kama kujerarta. Ba ta yi gardama ba. Idanun nata da Malam ya ce a duba, Kubura ta duba: jajaye ne, gefensu ya yi ruwa. Ta dubi nata kaskon farar, wanda suyar yau duka ba ta ɗauke shi minti goma sha biyar ba.

"Laure."

"Na'am, Yaya."

Kubura ta zaro gawayi daga bakin murhu, ta auna da ƙafarta, ta ja layi a ƙasa.

"Taku ɗaya. Ba biyu ba. Har ranar Salla, ba har bayan Salla ba. Kuma hayaƙinki ya bi can, yana sa mini garke tari."

"Fara na tari, Yaya?"

"Nawa na yi."

Laure ta jawo kasko cikin inuwa, ta daidaita ƙafar kujera a kan layin gawayin daidai. Kubura ta bi layin da ido, ta tura ƙafar kujerar baya da ɗan yatsa ɗaya, sannan ta ɗaga gefen zane ta leƙa kejin. Ɗaya na zaune a ƙasa. Ta ɗauki tsinke ta taɓa ta. Farar ta yi tsalle.